Gaisuwa Daga Bayan Ƙofa

Ranar da aka mayar da Balaraba ɗakin jarkoki, ba wanda ya ɗaga mata murya. Da ladabi aka yi komai. Surukinta Ashiru ya tuɓe takalmansa tun daga gindin randa, ya durƙusa can nesa da ita, kansa a sunkuye, yana yi wa matarsa Barira bayani, ita kuma tana maimaita wa uwarta. Su ukun kuwa a tsakar gida ɗaya suke, kowa na jin tarin kowa.

Ya ce an yi sabuwar doka, shi da kunnensa ya ji a rediyo. Duk baƙon da ya shigo ƙasa ba takarda, kama shi za a yi a mayar da shi inda ya fito. Wanda ya sauke shi a gida kuwa, ko ya ɗauko shi a mota, nasa hukuncin ya fi muni. Ya ce ga Inusa can, abokin aikinsa a tashar Ɗan Issa, an karɓe masa mota saboda wasu mata da ya ɗauko daga bakin iyaka. Ya ce abin na ɗan lokaci ne, da zarar ƙura ta lafa Inna za ta koma ɗakinta na tsakar gida.

Balaraba ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce da 'yarta ta gaya masa ba komai, Allah ya yi albarka. Amma tambaya ɗaya ta tsaya mata a rai. A mayar da ita ina? Ƙauyensu na can bayan Jibiya, kuma ranar da ta baro shi wuta ce ke cin rumbuna, 'yan bindiga a kan babura suna bin mutane har cikin gonaki. Da ƙafa ta ratso daji, ba takalmi, har ƙayar aduwa ta shige mata dunduniyar hagu ta karye a ciki. Bai fi wata guda da isowarta Madarunfa ba, kuma har yanzu in ta ji babur ya wuce sai ta waiga neman wurin ɓuya.

Takarda kuwa ba ta taɓa mallaka ba. Tun tana budurwa take tsallaka iyakar nan zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa, don uwarta ma 'yar garin Sarkin Yamma ce, nan wannan ɓangaren iyaka, ba wanda ya taɓa tare ta ya ce ita wace ce. Sai yanzu da haƙoranta suka zube aka gaya mata ashe baƙuwa ce.

Ɗakin yana can ƙuryar gida, bayan turken awaki. Rufin kwano ne, da 'yar taga guda can sama wadda ko kan yaro ba zai shiga ba. Nan Ashiru ke tara jarkokin man fetur da yake ratsa iyaka da su ta hanyar daji. Su ma jarkokin ba da takarda suke shigowa ba, amma su ba su taɓa hana shi barci ba. Aka matsar da su gefe, aka shimfiɗa mata tabarma tsakaninsu da bango, aka ajiye buta da kwano da wani tsohon bokiti. Bazara ce, kafin azahar kwanon rufin ya ɗauki zafi, warin mai ya cika ɗakin har yana sa ta hawaye.

Washegari aka tura jikarta Nana gidan gwaggonta a Safo, wai bakin yaro ba ya riƙe magana. Maƙwabta da suka shigo dubiya aka ce musu Inna ta koma gida, hankali ya kwanta a can. Balaraba tana jin su ta bayan ƙofa suna cewa ashe, ko sallama ba ta yi musu ba. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita ba a san ta da rashin sallama ba.

Sai dai ba ta da bakin magana. Mace mai mutunci ba ta zaman gidan suruki, dole ce ta kawo ta, kuma kullum tana jin nauyin hakan a wuyanta. Barira 'yar fari ce, ko sunanta Balaraba ba ta faɗa, balle na mijinta. Tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa haɗa ido da Ashiru ba, ba ta taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba. Shi ma an shaide shi a unguwa da kunyar surukai. Mutumin da zai tsaya a tasha ya zagi ɗan kamasho har ya haɗa da kakanninsa, in ya doso ƙofar Inna sai ya koma kamar an tsoma kaza a ruwa. Tsofaffin unguwa har misali suke yi da shi in za su yi wa samari faɗa.

Bai fasa ba ko bayan an rufe ta. Kowace safiya kafin ya tayar da mota, Balaraba za ta ji takunsa ya tsaya a gefen turke, ta ji ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bayan ƙofa.

"Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

To me za ta ce? Ko wanda ake ɗiga wa ruwa a baki, in aka tambaye shi jiki da sauƙi zai ce, balle suruka a gidan suruki. Shi kuma sai ya ce alhamdu lillahi, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa takalmansa ya tafi da zuciya fara.

Ƙafar kuwa ba ta san da wannan gaisuwa ba. Da fari dunduniyar ce kawai ta kumbura tana zogi. Barira ta tona da allura ba ta samu ƙayar ba, ta gasa da ruwan zafi da gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta ɗaure da tsumma. Aka kwana biyu wurin ya fashe yana ruwa. Kumburin ya haura idon sawu, fatar ta yi sheƙi, ta fara sauya launi. Balaraba ta daina iya tsayuwa salla, ta koma yi a zaune, daga baya ma sai a kishingiɗe.

Ranar da Barira ta kwance tsumman ta kawar da kai ba shiri, ranar ce ta fara yi wa mijinta maganar likita. Ɗakin jarkoki ba shi da nisa da inda yake cin tuwo, saboda haka tsohuwar ta ji komai. Ya ce a likita, wato asibiti, ai sai an tambayi sunan mutum da garinsu, a rubuta, kuma wa ya san hannun da takardar za ta faɗa? Ya ce jandarmomi ma can suke kai matansu awo. Barira ta ce to ya zo ya gani da idonsa.

"Ni?" in ji Ashiru. "In shiga ɗakin surukata in buɗe mata ƙahwa? Ba a haihe ni haka ba. Kuma ke kin hi ta sanin jikinta ne? Da bakinta ta ce mini da sauƙi."

Kada a ce mutumin marowaci ne, ba haka ba ne. Da yamma ya dawo da ƙwayoyin magani ja da rawaya da ya saya wurin mai tebur a kasuwar Ɗan Issa, da kifin tafki soyayye, da lemun kwalba mai sanyi. Ya miƙa wa Barira ya ce a kai wa Inna. Balaraba ta haɗiye ƙwayoyin, kifin kuwa ko ƙamshinsa ba ta iya ji ba, ta ce a gaya masa ta gode, Allah ya tsare hanya. Aka gaya masa, ya ji daɗi.

Labarin Inusa kuma kullum ƙara girma yake a bakinsa. Da fari mota aka karɓe. Bayan 'yan kwanaki aka haɗa da shi kansa Inusan, yana can a tsare a Maraɗi. Kafin mako ya zagayo matarsa ta sayar da gado da katifa. Ko wane ne gaskiya a ciki Balaraba ba ta sani ba, ita dai duk ta yarda. Gidan yana layin ƙarshe kusa da hanyar Maraɗi, shingen jandarma ba nisa, tana jin usur ɗinsu da tsayuwar motoci. Duk usur ɗin da aka busa sai ta ɗauka ita ake nema. In aka yi sallama a ƙofar gida, ko mai tallan nono ce, sai ta cusa gefen mayafi a baki ta danne numfashi har a tafi.

Bayan ɗakin gidan Toma kafinta ne, katanga ɗaya ta raba su. Matarsa Loisa, mace mai faɗi da fara'a, 'yar majami'a, ita ce ta karɓi haihuwar Nana, kuma tun zuwan Balaraba take aiko mata da kwaɗon zogale. Madafarta na jikin bangon ne daidai. Wata rana da hantsi zogin ya fi ƙarfin tsohuwar, nishi ya kuɓuce mata. Sai ta ji dakan da ake yi a can ya tsaya. Aka jawo wani abu, turmi ne ko kujera, aka taka. Hasken 'yar tagar ya dushe.

"Inna," in ji Loisa a hankali. "Inna Balaraba, ke ce a nan?"

Balaraba ta lafe jikin jarkoki. Tana son ta amsa, har bakinta ya buɗe. Sai ta tuna motar Ashiru, ta tuna auren 'yarta, ta tuna baburan nan a cikin gonaki. Ta ciji mayafi ta yi shiru har hasken ya dawo.

Da rana Loisa ta shigo da kanta. Barira ta ce akuya ce ba ta da lafiya aka killace. Loisa ba ta yi gardama ba, ta ce Allah ya ba akuyar sauƙi. Amma kafin ta fita ta ɗaga murya yadda za a ji har ƙuryar gida, ta ce su a majami'arsu akwai mutanen da suka gudo daga ƙetare, Musulmi da Kirista, an kai su wurin mai gari an rubuta su a matsayin waɗanda suka gudo daga bindiga, suna zuwa likita kamar kowa, ba ta ga an kama ko ɗaya ba. Ta ce in akuyar tana jin Hausa a gaya mata.

Ranar Balaraba ta sha kunu ta shanye, don rai ya ɗan dawo mata. Barira ma da rawar jiki ta tari mijinta da labarin. Ashiru ya saurara har ta gama, sannan ya ce wayon gwamnati ne, su mata ba za su gane ba. A fara rubuta sunaye tukun, ranar da aka tashi kwasa ba sai an sha wahalar nema ba. Ya ce shi ne ke kan hanya kullum, shi ya san abin da ake ciki, Loisa me ta sani ban da tukunya da waƙar Lahadi? Abin da ya fi damunsa ma shi ne yadda aka yi ta ji. Washegari ya dawo da kwaɗo, ya sa wa ƙofar, ya toshe tagar da tsumman buhu. Da safe ya durƙusa a gaban ƙofar da shi ya kulle, ya tambayi Inna jiki.

"Da sauƙi," in ji ta.

Makullin yana hannun Barira, in ya fita takan buɗe ta bar iska ta ɗan shiga. Ita ma ta rame, idanunta sun faɗa. Takan zauna bakin tabarma tana kora ƙudaje tana cewa Inna ta ƙara haƙuri, ta kusa shawo kansa. Ta ce in ta matsa da yawa yakan tambaye ta, in aka ɗaure shi wa zai ciyar da su, kuma ya ce Nana 'yar ƙasa ce, in aka kore su uwa da 'ya yarinyar tana nan. Balaraba ba ta taɓa ce mata komai ba. Uwa ba ta kai kuka wurin 'yar fari. Sau ɗaya kawai, da zazzaɓi ya rufe ta, ta kama hannun Barira ta riƙe gam, da ta farfaɗo kuma ta saki da sauri kamar ta taɓa garwashi.

Yatsun ƙafar suka yi baƙi. Zogin da ke hana ta sakat ya ragu a ƙasa ya koma sama, wajen ƙwauri, wannan kuwa ya fi ba ta tsoro, don ta taɓa ganin haka a jikin wani maƙeri a ƙauyensu. Warin ya rinjayi na fetur, ya fita ta ƙasan ƙofa, har awaki suka daina kwanciya ta wannan gefen. Ashiru kansa ya ja da baya, yanzu daga gindin turke yake gaisuwa, hannunsa a kan hanci kamar mai sosa gashin baki.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ta ji Ashiru da Barira suna magana ƙasa-ƙasa a jikin katanga. Sun ɗauka barci take.

"Warin nan zai tona mu," in ji Ashiru. "Kuma in ta cika a nan hwa? Mi za mu ce ma liman? Mun ce ta koma gida. Gawa ba ta ɓoyuwa, Barira."

Ya ce ya yanke shawara. Ranar Asabar zai bi hanyar daji ɗauko kaya, zai shimfiɗa mata a bayan mota tsakanin jarkoki, ya tsallaka da ita ya sauke ta a ƙauyen farko na can ƙetare, ai ba za a rasa dangi ba. Barira ta fashe da kuka ta ce ba kowa a can, duk an watse. Ya ce ƙasarsu ce dai, can ba mai tambayarta takarda, kuma can ma akwai likita. Ya ce shi wallahi don rufin asirin kowa yake yi, Allah ya ga zuciyarsa.

Balaraba ta kwanta tana kallon kwanon rufi. Mutuwa ba ta ba ta tsoro kamar yadda ta zata. Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne a ajiye ta a gindin wata bishiya a can, ba ta iya gudu, ta ji baburan suna tahowa. Ko kuma ta mutu a nan tsakanin jarkoki, a fitar da ita a ɓoye kamar kayan sata, ba wanka, ba salla, ba wanda zai ce Allah ya jiƙanta. Ta auna ta ga ashe gidan yari ya fi duka biyun. A can aƙalla akwai mutane, in ta mutu za a sani.

Juma'a da safe ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum. Da rana ta take, maza suka wuce masallaci, unguwa ta yi tsit. Barira ta buɗe mata ƙofa, ta ce za ta je farmasi, shagon magani, ta sayo auduga ta dawo yanzu. Ta ɗan tsaya da kwaɗon a hannu tana juya shi, sannan ta ajiye a kan jarka ta fita. Ko mantuwa ce ko da gangan, ita kaɗai ta sani.

Balaraba ta ja gindi har bakin ƙofa. Hasken rana ya kashe mata ido, ta daɗe kafin ta ga tsakar gidan. Ga taɓarya jingine da turmi. Ta rarrafa ta kamo ta, ta dogara, ta miƙe a kan ƙafa ɗaya, duniya ta juya mata. Ta gyara mayafinta, don ko kamu za a yi ba za a kama ta kai a buɗe ba.

Tafiyar da yaro zai yi a guje kafin a ƙirga goma, ita sai da ta faɗi sau da yawa. Yashi ya yi zafi kamar an soya shi. In ta faɗi sai ta ja jiki, in ta samu katanga ta dafa ta tashi. Ƙudaje na bin tsumman ƙafar. Tana tafe tana karanto duk addu'ar da ta iya.

Shingen ba wani abin kirki ba ne, igiya ce da tsofaffin tayoyi da rumfar zana. Jandarma biyu ke ciki, ɗaya yana gyangyaɗi, ɗayan, wani dogo baƙi, yana wanke kofunan shayi. Ga bindiga jingine da benci. Ta zube a gabansu, ta saki taɓaryar, ta haɗa hannuwanta biyu ta miƙa.

"Ga ni, na kawo kaina," in ji ta. "Daga ƙetare nike, ba ni da takarda. Ku ɗaure ni in ɗauri ne. Amma don girman Allah kada ku maishe ni can."

Dogon ya tsaya da kofi a hannu. Bai dubi hannuwan da ta miƙa ba, ƙafar ya duba. Ya tashi abokinsa, ya tsuguna ya ce Inna daga ina haka, gidan wa take? Ta sunkuyar da kai. Ko da tana son faɗa, sunan ba zai fito daga bakinta ba, kuma ba ta so. Ta ce ba ta da kowa, ba wanda ya sauke ta, ba wanda ya ɗauko ta a mota, ita kaɗai ta yi laifinta. Ya sake tambaya, ta sake faɗin haka.

Loisa ce ta iso a guje, zane a hannu, don ta ga sawun ja a yashi tun daga ƙofar gidan. Ta durƙusa ta tallafi kan tsohuwar, ta ce uwar Barira ce, matar Ashiru mai mota.

"Ashiru?" in ji jandarman. "Ashirun da muke shan shayi da shi a nan kowace sahiya?"

Ya girgiza kai. Ya ce doka dai akwai ta, kuma suna aiki da ita, amma shi ba a aiko shi kama tsohuwar da ta gudo daga bindiga ba, irinsu wurin mai gari ake kai su a rubuta. Ya ce da mutumin nan ya buɗe baki sau ɗaya ya tambaya, a nan kan bencin nan, da an gaya masa. Ya tare wani mai amalanken jaki da ke hanyar Safo, suka ɗora ta. Har suka isa likita Balaraba ba ta sauke hannuwanta ba, tana jiran a ɗaure.

A likitar gari aka kwance tsumman, aka mayar aka rufe, aka ce wannan sai Maraɗi. A Maraɗi likitan ya tambayi Barira, wadda ta iso ido jawur, tun yaushe abin ya fara. Da ta faɗa ya ajiye alƙalaminsa ya dube ta. Ya ce da an kawo ta tun abin yana dunduniya, tsagawa kawai za a yi a cire ƙaya a wanke, ta koma gida da ƙafarta. Yanzu kuwa in ana son ranta sai an cire daga ƙasan gwiwa. Aka cire.

Ba wanda ya kama Ashiru, ba wanda ya taɓa motarsa. Inusa ma ashe yana nan yana lodinsa, tara ya biya tun tuni aka sakar masa mota. A tasha Ashiru ya riƙa gaya wa mutane cewa dokar nan ta cuci talaka, ga shi ta ci ƙafar surukarsa, ana ta ba shi haƙuri. Dokar gaskiya ce, ba shi ya ƙirƙire ta ba, kuma an ga waɗanda aka juyo da su daga bakin iyaka suna kuka. Amma ba doka ce ta sayo kwaɗo ba, ba ita ta toshe taga da buhu ba. Mutum ne ya ji tsoron motarsa, ya samu kunya ya fake a bayanta, kullum da safe ya je ya karɓi amsar da ya san ita za a ba shi. Kuma har yau in ka tambayi unguwar, za a ce maka Ashiru yaro ne mai ladabi.

Sai da Balaraba ta kwana biyu da farfaɗowa ya zo dubiya. Ɗakin mata ne, gadaje a jere, masu jinya zaune a ƙasa da kwanoninsu. Barira na gefen gado tana fifita, Loisa na ɓare lemu. Balaraba ta ji takun da ta sani ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ji ya tuɓe takalmi, ya ajiye leda, ya durƙusa daga waje inda labule ya kare shi. Wata tsohuwa a gadon kusa ta ce masha Allah, ashe har yanzu akwai masu kunyar surukai.

"Inna, ina wuni?" in ji shi. "Ya ƙarfin jiki?"

Dunduniyar da babu ita tana yi mata ƙaiƙayi. Balaraba ta juya kanta wajen ƙofa, ta kira shi.

"Ashiru."

Lemun ya faɗi daga hannun Loisa. Barira ta dafe baki. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba, sai ya kasa motsi.

"Ashiru, da kai nike. Tashi ka shigo."

Ya shigo a duƙe, idonsa a kan siminti, ya tsaya nesa da gadon. Ta ce ya matso. Ya matso. Ta ce ya ɗago kansa, ya ɗago da ƙyar, suka haɗa ido karo na farko tun da ya auri 'yarta. Ita ma ba ta taɓa yin irin wannan rashin kunya ba, amma ta kama gefen zanen da aka lulluɓe ta da shi ta yaye har gwiwa.

"Kullum kana tambaya," in ji ta. "Babu sauƙi. Duba."

Ya juya zai kawar da kai, ta ce a'a, ya duba da kyau, ba sauri take ba, ai yanzu ba inda za ta.